Hawaye a Ƙarshen Zango: Tarken Halin Mai Kallon Labarin Kimiyya

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa zama kusa da wata fadar matasa a Magarya ko Dungas da daddare ya san irin shirun da kan biyo bayan kashin ƙarshe na shiri mai dogon zango. Samari biyar ko shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya, shayi yana tafasa a kan gawayi babu mai kula da shi, sai hoto ya tsaya cak, sunayen ƴan wasa su fara hawa. Na ɗan lokaci babu mai cewa uffan. Daga nan sai wani ya ja tsaki, wani ya hau rantsuwa cewa shi da shirin har abada, wani kuwa ya kau da kai domin kada a ga idonsa ya kawo ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne zai shigo aji washegari jiki a mace, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Hukuncin da manya suka saba yankewa a kan wannan hali gajere ne: wauta ce, ɓata lokaci ne, kuka ne a kan ƙarya. Wannan maƙala tana ganin an yi gaggawa wajen yanke hukuncin. Juyayin da ya kama saurayin shaida ce ta cewa ya bi labari da hankalinsa, ya riƙe sunaye da dalilai, ya auna halayen taurari har ya zaɓi nasa. Abin da ya rasa shi ne ma'aunin da zai rarrabe masa ƙarshen da ya cancanci hawaye da ƙarshen da ya ƙwace su da dabara. Samar da wannan ma'auni aiki ne na malamai da ƙungiyoyin al'adu. An kuma zaɓi ƙagaggen labarin kimiyya ne domin yin wannan tarke, wato labarin da ake ginawa a kan hasashen inda ilimi da ƙere-ƙere za su kai ɗan Adam, saboda a irin wannan labari abin da ake yankewa a tsakiya a bar mai kallo da shi, ita ce gobe kanta.

Mai kallo da muhallinsa

Magarya tana kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, daf da iyakar Nijeriya, kuma Kano ta fi mata kusa nesa ba kusa ba bisa ga Yamai. Dungas, wadda aka cire daga Magarya aka mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ita ma kasuwar Maigatari da ke jihar Jigawa tana bakin ƙofarta. A ƙidayar 2012 gundumomin biyu sun haura mutum 900,000, kuma mafi yawansu yara ne da matasa. Hanyar da ke kai gero da wake da dabbobi kudu ita ce ke dawowa da fim: da can a kaset, daga baya a faifai, yanzu kuwa a katin waya da ake cikawa wurin masu turi, ko ta tauraron ɗan Adam ga wanda ya mallaki faranti da hasken sola.

Ta wannan hanya ce kalmar "zango" ta sami sabuwar ma'ana a bakin matasa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa masu kallo da jiran mako-mako ta shirin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sa'annan daga 2020 shirye-shirye irin su Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mayar da ƙarshen zango wani lokaci na musamman da ake tattaunawa a kansa a tasha da kasuwa. A gefe guda kuma fassarar fina-finan ƙetare zuwa Hausa, wadda ɗakunan ɗaukar murya na Kano irin su Algaita suka shahara da ita, ta buɗe ƙofa ga labaran mutum-mutumi da baƙin halittu da kumbunan sararin samaniya. Saboda haka saurayin Bande ko Waca ko Dogo-Dogo ya san ɗacin a yanke masa labari a tsakiya, ya kuma san duniyar labarin kimiyya, ko da ta bakin mai fassara ce.

Tsoron da malamai ke ji game da wannan ba sabo ba ne, kuma yana da tushe. Tun 1966 Moustapha Alassane ya nuna shi a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen taurarin fim suka addabi ƙauyensu. Alassane dai da fim ya amsa fim. Ya kalli abin da samari ke kallo, ya fahimce shi, sa'annan ya yi masa tarke da harshensa. Wannan ita ce hanyar da ta dace a bi.

Misali daga 1990

Domin a ga yadda ƙarshen zango ke aiki a zuciyar mai kallo, yana da kyau a ɗauki misalin da masu nazarin talabijin suka fi yawan komawa gare shi, ko da yake ya girmi matasan da ake magana a kansu. Shirin Star Trek: The Next Generation, wanda aka nuna a Amurka daga 1987 zuwa 1994, labari ne na ma'aikatan wani kumbo mai suna Enterprise a ƙarni na 24. A watan Yuni na 1990 aka rufe zangonsa na uku da kashi mai suna The Best of Both Worlds, wanda Michael Piller ya rubuta, Cliff Bole kuma ya ba da umarni.

Abokan gaba a wannan kashi su ne Borg, wasu halittu da suka haɗa tsoka da ƙarfe, waɗanda babu mai ra'ayin kansa a cikinsu, domin tunaninsu duka ɗaya ne. Ba ganima suke nema ba. Duk al'ummar da suka ci, sai su haɗiye ta da iliminta, ta zama su. Sun sace kyaftin ɗin kumbon, Picard, suka sauya masa halitta da suna, suka mayar da shi kakakinsu. A minti na ƙarshe sai ga shi ya bayyana a allon kumbon da ya shugabanta, rabin fuskarsa ƙarfe, yana magana da yawun waɗanda suka kama shi. Mataimakinsa, Riker, yana da makami guda da ake fatan zai tarwatsa jirgin Borg, amma maigidansa yana ciki. Ya ba da umarnin a harba. Nan take aka rufe hoton, aka rubuta cewa za a ci gaba. Sai a watan Satumba, bayan wata uku, aka nuna ci gaban.

Patrick Stewart, wanda ya fito a matsayin Picard, ya sha ba da labarin yadda wata mata ta hango shi a mota a wannan tsakani, ta ɗaga murya ta ce masa ya lalata musu hutun bazara. Wannan ƙorafi, mai haɗe da fushi da yabo, shi ne ainihin abin da saurayin fada ke nufi idan ya rantse ya daina kallo alhali ya san zai dawo.

Me ya sa wannan yankewa ta yi tasiri haka? Dalili na farko shi ne an shuka ta tun farkon kashin. An nuna Riker yana ɗari-ɗari da karɓar shugabancin wani kumbo da aka yi masa tayi, an kuma kawo wata jami'a mai suna Shelby wadda ta gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya saba fakewa a inuwar babban mutum. Ke nan umarnin harbi amsa ce ga tambayar da aka daɗe ana yi masa: shin zai iya tsayawa da ƙafarsa? Sai ga shi ranar da ya tsaya, kan maigidansa ne farashin. Bahaushe, wanda ya san nauyin amana tsakanin bara da ubangida, ko almajiri da malami, ba ya bukatar sharhi kafin ya ji zafin wannan zaɓi.

Dalili na biyu ya fi kusa da gida. Kalmar da shirin ke amfani da ita wajen bayyana aikin Borg ita ce dai kalmar da Faransa ta raɗa wa manufarta ta mulkin mallaka, wato assimilation. Ƙasar Damagaram, wadda Faransawa suka ci da yaƙi a 1899, ta san siffar mutumin da aka ɗauka aka sauya masa harshe da tufafi, aka dawo da shi yana isar da saƙon masu mulki ga danginsa. Marubutan Amurka ba Damagaram suke tunani ba, amma labarin kimiyya mai kyau yakan bar gurbi da kowace al'umma za ta zuba tarihinta a ciki. Ɗalibin da aka nuna wa wannan dangantaka ya sami darasin tarihi da na adabi a zama ɗaya.

Tsakanin kurunkus da "za a ci gaba"

Adabin Hausa yana da tsohuwar yarjejeniya tsakanin mai ba da labari da mai saurare. Tatsuniya tana buɗewa da dare ta kuma rufe a daren. Ko Gizo ya ci riba ko ya sha kashi, sai an kai kurunkus, kuma wannan kalma sallama ce: tana sakin yaro ya tafi ya kwanta da zuciya a kwance. Mai kallon da ya tashi a kan wannan yarjejeniya, idan aka hana shi kurunkus, yana jin an ci amanarsa. Wani ɓangare na fushinsa daga nan yake.

Duk da haka riƙe mai saurare da labari ba baƙon abu ba ne a rubutaccen adabin Hausa. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, aku yana jero labarai ne domin ya hana Musa, ɗan sarki, fita daga gida ya faɗa tarkon da waziri ya ɗana masa. A Dare Dubu da Ɗaya kuwa, wanda aka buga fassararsa ta Hausa tun 1924, Shaharzad tana yanke labari da asuba domin ta tsira da ranta, ta kuma tsirar da matan garinsu. A duka biyun, jan rai yana da dalili a cikin labarin kansa: ana riƙe mai saurare ne domin a ceci rai.

Shirin talabijin yana riƙe mai kallo ne domin ya dawo, saboda da dawowarsa ake samun talla da kuɗin rajista da yawan masu kallo a YouTube. Wannan ba abin kunya ba ne, domin makaɗi ma da gangarsa yake ci. Sai dai tunda ciniki ne, mai tarke yana da haƙƙin tambayar abin da aka ba mai kallo a madadin watannin da ya yi yana jira. Ran mai kallo da aka rataye bashi ne, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da marubuci.

Ma'auni uku

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tambayoyi uku da ɗalibi zai riƙa yi wa kowane ƙarshen zango.

Ta farko: wace irin tambaya aka bar shi da ita? Akwai tambayar aukuwa, wato me zai faru, akwai kuma tambayar hali, wato me ya kamata tauraro ya yi. Harsashi da aka harba a duhu ba a nuna wanda ya samu ba tambayar aukuwa ce kawai, kuma da zarar an ba da amsa ta mutu. Zaɓin Riker kuwa ana iya muhawara a kansa ko bayan an san yadda ta ƙare.

Ta biyu: an shuka abin da aka girbe? Idan mutuwa ko tonon asiri ya faɗo daga sama a minti na ƙarshe ba tare da wata alama a baya ba, to an girgiza mai kallo ne kawai. Wani lokaci ma dalilin yana wajen labari. Masu kallon Labarina sun ga haka a 2022, lokacin da Nafisa Abdullahi, wadda ta fito a matsayin Sumayya, ta bar shirin, aka shiga muhawarar yadda labarin zai ɗore. Sanin cewa yarjejeniyar aiki da lokacin ƴan wasa suna iya juya akalar labari yana daga cikin wayewar mai kallo.

Ta uku: an biya bashin da aka ci? A nan misalin 1990 yana da rauni. Piller ya rubuta kashi na farko ba tare da ya san yadda za a warware shi ba, domin yana shirin barin aikin, sai Gene Roddenberry, mahaliccin shirin, ya shawo kansa ya zauna. Alamar haka ta fito a ci gaban: makamin bai yi aiki ba, wanda ya rage wa umarnin Riker nauyi, sa'annan aka ci Borg da wata dabarar na'ura da ta sa su barci. Abin da ya biya bashin shi ne kashin da ya biyo baya, mai suna Family, wanda Ronald D. Moore ya rubuta. Babu yaƙi a cikinsa ko kaɗan. Picard ya koma ƙauyensu a Faransa, ya yi kokawa da yayansa cikin taɓo a gonar inabi, daga nan ya fashe da kuka yana faɗin yadda aka yi amfani da iliminsa aka hallaka mutanensa bai iya hanawa ba. Shirin ya yarda cewa abin da ya faru ya bar tabo, ya kuma ba mai kallo wurin ajiye nasa juyayin.

Shirin Lost, wanda ya gudana daga 2004 zuwa 2010, ya nuna ɗaya fuskar. Shekara shida yana tara kacici-kacici game da wani tsibiri, kuma da aka nuna kashin ƙarshe ranar 23 ga Mayu 2010 sai masu kallo suka rabu biyu. Waɗanda suka bi shirin domin mutanen cikinsa sun yi kukan gamsuwa, waɗanda suka bi shi domin amsoshi kuwa suka ce an yaudare su. Hawaye iri ɗaya ne a ido, amma tushensu daban. Malamin da ya tambayi ɗalibi wanne ne nasa ya riga ya fara koya masa tarke.

Gobe ta wa?

Akwai wani abu a ƙarƙashin juyayin saurayin fada wanda ma'aunan uku ba su taɓo ba. Idan shirin kimiyya ya rufe, ya bar shi da hoton ƙarni mai zuwa, kuma a wannan hoto da wuya ya ga mai kama da shi, balle ya ji harshensa daga bakin marubuci. Muhimmancin wannan ya bayyana a tarihin Star Trek kansa. Nichelle Nichols, baƙar fata da ta fito a matsayin jami'a Uhura a shirin farko na 1966 zuwa 1969, ta yi niyyar barin aikin, sai Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna saboda abin da ganinta ke yi wa yara baƙar fata. Ɗaya daga cikin yaran, Mae Jemison, ita ce mace baƙar fata ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, kuma ta sha faɗin cewa Uhura ce ta zaburar da ita.

Hausa ba ta makara ba wajen shiga wannan fage. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro, Kilba, da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka yawon sararin samaniya. Littafin bai sami magada da yawa ba. Adabin kasuwar Kano da fina-finan da suka biyo shi sun fi karkata ga soyayya da rikicin gida. Da aka tashi rubuta Nijar ta gobe, Nnedi Okorafor ce, marubuciya ƴar asalin Nijeriya haifaffiyar Amurka, ta yi shi da Ingilishi a littafinta The Shadow Speaker na 2007, wanda ta kafa a Nijar ta shekarar 2070.

Alhali kuwa kayan gini suna nan a gona. Bayan farin 1984 manoman Magarya da Matamai da Mirya suka shiga kare tsiron itatuwa da ke fitowa da kansu a gonaki, musamman gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi kore da rani. Binciken da aka yi a 2006 ya kiyasta cewa wannan aiki ya farfaɗo da kusan hekta miliyan ɗaya a yankin. Mutumin da ya bar tsiro domin inuwar da jikansa zai sha ya riga ya yi hasashen gobe, ya kuma yi aiki da shi. Tambayoyin da labarin kimiyya ke so duk suna nan: yaya gona za ta ishi ƴaƴa idan gado ya ci gaba da rarraba ta, wa zai mallaki ruwan ƙarƙashin ƙasa, me iyaka za ta zama ga dangin da ta raba, wane harshe na'ura za ta ji. Tun Maris 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana bukatar ya iya maganar shekara hamsin masu zuwa kamar yadda ya iya maganar zamanin Tanimun.

Kammalawa

Jihar Damagaram ce ta karɓi makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, saboda haka gwada sabon abu a aji ba baƙo ba ne a nan. Malamin da ɗalibinsa ya shigo da juyayin ƙarshen zango yana iya tambayarsa ya ba da labarin a taƙaice, ya faɗi tambayar da aka bar shi da ita, sa'annan ya rubuta kashi na gaba da kansa kafin masu shirin su fitar da nasu. Idan nasu ya fito, sai a gwada biyun a ga wanda ya fi biyan bashi. Ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa da rediyoyin karkara suna iya ɗaukar muhawarar da ake yi a fada su ba ta alƙali da ƙa'ida, su nemo Tauraruwa Mai Wutsiya a karanta a bainar jama'a, su kuma sa gasar gajeren labari a kan Guci ko Sassumburum ta 2070.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saurayin da ya kau da kai domin ɓoye hawayensa ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa, wato damuwa da makomar mutanen da ke cikin labari. Idan aka yi masa dariya zai koma wayarsa ya jira zango na gaba. Idan aka miƙa masa ma'auni da alƙalami, yana iya zama wanda zai ɗora daga inda Umaru Dembo ya tsaya a 1969.